Yadda ake bin sawun sassan inji da RFID a masana'anta, daga sito har ƙofar fita

A wurin da ake ƙera injin casar masara ko injin niƙa, irin waɗanda muke da su a Zariya da kewaye, neman kaya yana cin lokaci fiye da yadda masu wurin suke zato. An yanka firam ashirin ranar Litinin, ranar Alhamis goma sha bakwai ake gani a wurin fenti, sauran ukun babu mai cewa ga inda suke. Littafin sito ya ce akwai boris arba'in, an buɗe akwati an tarar da goma sha ɗaya. Irin wannan ciwon kan ne RFID, wato tsarin gane kaya ta igiyar rediyo, ke magancewa, idan an kafa shi yadda ya kamata. Idan kuwa aka kafa shi da ka, sai ya ƙara wani ciwon a kan na da.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka yi tsarin. Akwai alama, wato ɗan abin da ake liƙawa ko ɗaurawa a jikin kaya, mai ɗauke da ƙwaƙwalwa ƙarama kamar ƙwayar yashi da siririyar eriya. Akwai rida, na'urar da ke karanta alamar. Akwai eriyar ridan da wayarta. Sai manhajar da ke ajiye labarin abin da aka karanta. Yawancin alamomin da ake amfani da su a masana'anta ba su da batir. Rida ce ke watsa igiyar rediyo, alamar ta samu ɗan ƙarfi daga wannan igiya, ta farka, ta mayar da lambarta. Ka riƙe wannan, domin kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga nan take: ko dai igiyar ba ta isa ga alamar da ƙarfin da zai tashe ta ba, ko kuma ta wuce inda ake so ta tashe wadda ba a tambaya ba.

Kafin ka sayi komai

Ɗauki takarda da biro ka bi kaya da ƙafa, tun daga inda mota ke sauke ƙarfe har inda injin da aka gama ke fita. Rubuta kowane wuri da kaya ke canza hannu: sito, wurin yanka, walda, fenti, wurin haɗawa, gwaji, ma'ajiyar kayan da aka gama. Sannan ka tambayi foman da mai kula da sito, kowa shi kaɗai, a wane tsakani ne kaya suka fi ɓacewa ko daɗewa. Wurare biyu ko uku za su fito. Nan za ka fara sa rida, ba a kowace ƙofa ba.

Tambaya ta biyu ita ce me za a sa wa alama. Kuskuren da aka fi yi shi ne son sa wa kowane noti da kowane washa. Alamar da ke aiki a kan ƙarfe tana iya fin notin tsada nesa ba kusa ba. Raba kayan gida uku. Manyan sassa masu daraja, kamar firam, giyabos, mota mai juya inji, da mazubin roba ko na ƙarfe, kowanne ya samu tasa alamar. Ƙananan sassa da ake ƙirgawa da yawa, irin su boris, fuli, bel da noti, akwatin da suke ciki ake sa wa alama, manhaja ta san cewa akwati mai lamba kaza yana ɗauke da boris 6205 guda hamsin. Kayan da ke shiga wuta ko injin gurza kuwa, katin aiki mai alama ake rataya musu, a cire kafin aikin, a mayar bayansa.

Wata gaskiya da mai sayar da na'ura ba zai yi saurin faɗa maka ba: idan kayanka ɗari biyu ne ko uku, suna cikin tsabta, kuma ma'aikaci zai iya tsayawa ya haska kowanne, lambar QR da wayar hannu sun ishe ka. RFID yana biyan kuɗinsa ne inda giris da fenti da ƙura ke rufe rubutu, inda ake son karanta abu talatin lokaci guda, ko inda hannun ma'aikaci ba ya sake da zai riƙe na'ura.

Zangon da za ka zaɓa

Zango a nan shi ne saurin kaɗawar igiyar rediyo, kuma manya uku ne a kasuwa. Na ƙasa, LF, yana tsakanin kilohaz 125 da 134, ba ya wuce 'yan santimitoci, amma ruwa da mai ba su cika damunsa ba. Shi ake sa wa dabbobi. Na tsakiya, HF, yana kan megahaz 13.56, shi ne na cikin fasfo da katin banki da ake karawa a jikin na'ura. A masana'anta yana karatu daga santimita kaɗan zuwa ƙasa da mita ɗaya. Na sama, UHF, tsakanin megahaz 860 da 960, yana kaiwa mita uku zuwa goma gwargwadon alama da eriya, kuma yana karanta alamomi da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Idan kaya suna bin layi ɗaya kuma suna tsayawa a gaban inji, HF ya fi kwanciyar hankali, domin gajartar nisansa ita ce amfaninsa: abin da ke gabansa kaɗai yake gani. Idan ƙofa ce da kura ko motar ɗaga kaya ke wucewa, ko ƙidayar sito, UHF ne. Sauran bayanin nan a kan UHF zai fi karkata. Ka tabbata alama da rida duk suna bin ƙa'idar EPC Gen2, wadda aka amince da ita a 2004, kuma take ɗauke da lambar ISO/IEC 18000-63 a yanzu. Da wannan ƙa'ida, alamar kamfani ɗaya tana aiki da ridar wani, ko Impinj ce ko Zebra, ba za ka zama bawan ɗan kasuwa guda ba.

Ga inda masu sayen kaya ta intanet ke faɗawa rami. Ridar UHF iri-iri ce gwargwadon ƙasar da aka yi ta dominta. Ta Amurka tana aiki tsakanin megahaz 902 da 928, ta Turai tsakanin 865 da 868. Layukan GSM na ƙasar nan suna amfani da 890 zuwa 915 wajen aika magana daga waya zuwa turken sadarwa. Ka ga ridar Amurka ta shiga gonar kamfanonin waya kai tsaye: za ta dame su, su ma wayoyin ma'aikata za su dame ta. Sayi samfurin 865 zuwa 868, kuma ka nemi mai sayarwa ya nuna maka shaidar amincewar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a kan wannan samfurin. Eriya ma haka, da alamomin ƙarfe, domin da yawansu an saita su ne a kan zango ɗaya, kuma a rubuce yake a takardarsu.

Alama da ƙarfe

Nan ne aikin yake. Alamar takarda mai araha, wadda ake saye da 'yan sentoci idan an sari da yawa, tana aiki sosai a kan kwali, busasshen katako da roba. Manna ta a kan ƙarfe kai tsaye, sai ta mutu murus. Dalili shi ne ƙarfen yana lalata saitin siririyar eriyarta, kuma igiyar da ta dawo daga jikin ƙarfen tana kashe wadda ta zo. Saboda haka aka yi alamomi na musamman masu kauri, da ke da tazara tsakanin eriya da ƙarfe, waɗanda ma ƙarfen suke jingina da shi su ƙara nisa. Farashinsu daga dala ɗaya ne zuwa biyar ko fiye. Su kuma idan ka ɗora su a kan roba nisansu raguwa yake yi. Kowace da muhallinta.

Girma yana tafiya da nisa. Alama mai girman ƙwayar wake da ake binnewa a jikin sifana ko mazubi ba za ta wuce mita ɗaya ko biyu ba. Mai tsawon yatsa biyu ko tafin hannu tana iya kai mita shida ko fiye. Kada ka yarda da nisan da ke cikin takardar talla. An auna shi ne a ɗakin gwaji da babu komai. A cikin shago mai cike da ƙarfe, ka yi lissafi da rabinsa har sai ka gwada da kanka.

Wurin da aka sa ta ya kai irinta muhimmanci. A sa ta a fili mai santsi da ke kallon waje. Kada a cusa ta cikin kusurwar ƙarfe mai lanƙwasa, ko cikin rami, ko ƙarƙashin firam inda ba za ta ga eriya ba. A bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninta da duk wani ƙarfe da ya miƙe tsaye kusa da ita. A guji inda cokulan motar ɗaga kaya ke bugawa da inda sarƙa ke gogawa. Idan babu makawa, a yi waldar ɗan guntun ƙarfe a gefe ya zama garkuwa, amma kada ya rufe samanta. Kura ko kejin ƙarfe, alama biyu ake sa masa, ɗaya dama ɗaya hagu, a haɗa su a manhaja a matsayin abu guda. Abin da ke cikin akwatin ƙarfe mai murfi kuwa ba zai karantu ba ko da wace irin rida ce. Ko a koma akwatin roba, ko a wadatu da alamar da ke jikin akwatin.

Wajen mannawa, a kankare tsatsa, a goge giris da sifirit mai tsabta, a bari ya bushe, sannan a danna alamar da ƙarfi na rabin minti. Gam ɗin ba ya kama sosai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, don haka kada a manna da safe a kai wurin wanki da rana. Abin da zai yi shekaru yana yawo, ribit ko sukuru ya fi gam, musamman da zafin Maris da Afrilu da ke narkar da gam mai araha. A ɗaure daidai, kada a matse har robar ta tsage, domin ta tsagar ruwa zai shiga. Nemi alama mai lambar IP67 ko IP68, wato shaidar cewa ƙura da ruwa ba sa shigarta.

Zafi da fenti suna da nasu sharrin. Ƙwaƙwalwar alama takan yi aiki har zuwa digiri 85. Tandun gasa fentin gari yana kaiwa 180 zuwa 200. Akwai alamomin da aka yi domin su jure wannan, amma ka duba minti nawa suke jurewa da kuma sau nawa, kuma ka sani ba a karanta su sai sun huce. Fenti na yau da kullum siriri ba ya hana karatu, amma fentin silba mai garin alminiyom yana rufe alama kamar an sa mata murfin tukunya. A rufe ta da tef kafin feshi. Tartsatsin walda yana huda robar, garin ƙarfe daga injin gurza kuma idan ya haɗu da giris ya kwanta a kanta, nisanta zai yi ta raguwa a hankali har a zaci rida ce ta lalace. Tsumma ne maganinsa.

Ruwa yana shanye igiyar UHF. Katakon ɗora kaya da ya sha ruwan Agusta, ko kwalin da ya jiƙe, yana rage nisa sosai. Jikin mutum ma ruwa ne: ma'aikacin da ya rungumi akwati, alamar tana manne da cikinsa, zai wuce ƙofa ba a gan shi ba. Shi ya sa ake sa alamar a gefen da hannu da ciki ba sa taɓawa.

Lambobin da za ka rubuta

Ƙwaƙwalwar alama tana da ɗaki huɗu. Akwai TID, lambar da masana'antar ƙwaƙwalwar ta rubuta, ba ta goguwa. Akwai EPC, inda kake rubuta taka lambar, yawanci gurbi 24 ne na alƙaluman 0 zuwa 9 da haruffan A zuwa F. Akwai ɗakin kalmomin sirri guda biyu, ɗaya ta kulle ɗaya ta kashe alamar. Sai ɗakin ƙarin bayani, wanda wasu alamomin ba su da shi ma.

Kada ka dogara da lambar da alama ta zo da ita. Wani lokaci kwali guda zai zo duk da lamba iri ɗaya. Tsara taka: gurabe na farko su zama shaidar masana'antarka, na gaba su nuna irin abu, misali 01 firam, 02 akwati, 03 kura, sauran su zama lambar jeri da ba a taɓa maimaitawa, ko da abin ya lalace an jefar. Shaidar farkon nan tana da amfani babba, domin kwalaye da tufafi da takalma da ke zuwa daga waje sukan zo da nasu alamomin, kuma ridarka za ta karanta su duka idan ba ka ce mata ta yi watsi da duk lambar da ba ta fara da taka shaidar ba. Idan kayanka za su je wa wani kamfani da zai karanta su, to ka yi rajista da GS1, ƙungiyar duniya mai raba lambobin kaya, ka bi tsarinsu. Lambobin da reshen Najeriya ke bayarwa da 615 suke farawa.

Lokacin rubutawa, rage ƙarfin rida ƙasa sosai, ka ajiye sauran alamomin nesa ko cikin gwangwani mai murfi. In ba haka ba za ka rubuta lambar firam a kan alamar da ke kan tebur na kusa, ba ka sani ba. Bayan rubutawa ka sake karantawa, ka ajiye EPC da TID tare, sannan ka kulle da kalmar sirri. Kada ka yi kullewar dindindin sai tsarin ya zauna. Kowace alama kuma a rubuta lambarta a jiki yadda ido zai gani, domin ranar da na'ura ta ƙi.

Labarin kaya, wato wa ya yi walda, yaushe, da wane ƙarfe, a rumbun bayanai ake ajiye shi. Alama lamba kawai take ɗauka.

Kafa ƙofar karatu

Ƙofa mai faɗin mita uku takan buƙaci rida ɗaya mai baki huɗu da eriya biyu zuwa huɗu. Idan kaya a kura suke, ƙasa da kafaɗa, eriya biyu sun isa, ɗaya kowane gefe, a tsayin da alamar ke wucewa. Idan ana jibga kaya sama, a sa biyu kowane gefe, ɗaya wajen mita ɗaya, ɗaya wajen mita biyu. Zaɓi eriya mai juya igiya a zagaye, domin tana karanta alama ko a tsaye take ko a kwance. Mai miƙaƙƙiyar igiya ta fi nisa, amma sai alamar ta daidaita da ita. Ta dace da bel mai tafiya inda kaya ke zuwa a tsari ɗaya kullum. A karkata eriyar kaɗan zuwa ƙasa da kuma gefen da babu tarin kaya. A kare ta da turken ƙarfe a gaba ta gefe, domin kura za ta buge ta ko ba daɗe ko ba jima. Kada a sa ta inda mutum zai wuni da kansa a jikinta. Takardar na'urar tana faɗin tazarar da za a bari.

Wayar eriya ita ce abin da aka fi rainawa. Dole ta zama mai om 50. Wayar dish da ta talabijin da ke cike a kasuwar Sabon Gari mai om 75 ce, ba ta dace ba ko da kan ya shiga. A cikin masu om 50 ɗin ma akwai bambanci. Siririyar RG-58 tana zubar da kusan rabin dB, ma'aunin raguwar ƙarfin igiya, a kowace mita a wannan zango, wato a mita goma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ne kawai zai isa eriya. Mai kauri irin LMR-400 tana zubar da kusan dB 1.3 a mita goma, kusan kashi uku cikin huɗu ya isa. Amsar alamar ma ta wannan wayar za ta dawo, ta sake yin asara. Hanya mafi sauƙi ita ce a kai ridar kusa da ƙofa, wayar eriya kada ta wuce mita biyar, sai a ja wayar sadarwa ta kwamfuta zuwa ofis, wadda ke kaiwa mita 100 kuma tana iya ɗaukar wutar ridar a cikinta. Kawunan wayar yawanci RP-TNC ne, ba a cika samunsu a shagunan gari ba, don haka ka sayo wayoyin a haɗe daga wurin mai rida, da guda biyu na ajiya. Kada a lanƙwasa ta da ƙarfi, kada a yi mata ƙari da tef.

Yanzu batun ƙarfi. Rida takan kai dBm 30, wato wat ɗaya, wasu su ɗan wuce. Duk ragin dB uku raba ƙarfi biyu ne, ragin shida kuma raba nisa biyu. Sabon shiga yakan buɗe ta har ƙarshe. A ƙarƙashin rufin kwano, tsakanin injuna da bangon ƙarfe, igiyar tana bugawa tana dawowa, sai ka ga ridar ƙofar fenti tana karanta firam da ke zaune a wurin walda, mita goma daga nan, manhaja ta rubuta cewa ya wuce. Wannan karatun ƙarya ya fi rashin karatu illa, domin ba wanda ke lura da shi. Dawowar igiyar kuma tana haifar da matattun gurabe: tsawon igiyar kusan santimita 35 ne, don haka a kowace tazara ta wajen santimita 17 ana iya samun wurin da igiya biyu suka kashe juna. Alamar da ke tafiya tana ratsa su ta karantu. Wadda ke zaune cif a irin wannan gurbi tana iya ɓacewa, matsar da eriya da faɗin tafin hannu sai ta dawo.

Fara daga dBm 18 ko 20, kana ƙarawa ɗaya ɗaya har duk alamomin kura su karantu, sannan ka ƙara uku a kai domin damina da datti. Daga nan ka ɗauki alama a hannu ka zagaya, ka shata iyakar inda ake karanta ta da alli, a bi da jan fenti. Cikin wannan da'ira ba a ajiye kaya.

Rida ba ta san shiga da fita ba. Ko dai a sa idon lantarki biyu a jere da ke nuna wanda aka fara tsallakawa, su kuma kunna ridar sai lokacin da abu ke wucewa, ko manhaja ta yi la'akari da inda abin yake a baya. Idon lantarkin ya fi, domin yana rage karatun ƙarya ƙwarai.

Gwaji

Loda kura yadda ake loda ta ranar da aiki ya yi yawa, ba yadda injiniya ke so ba. A wuce da ita sau ɗari: a hankali, da gudu, ta tsakiya, ta gefe, da mutum a tsakaninta da eriya, da injin walda a kunne kusa. Kura mai tafiyar mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, a filin karatu mai faɗin mita biyu, daƙiƙa ɗaya da ɗan kai kawai take yi a ciki, don haka gudun yana da tasiri idan alamomin suna da yawa. Rubuta sau nawa aka rasa, da wace alama. Yawanci guda ɗaya ko biyu ne ke maimaita laifin, kuma wurin da aka manna su ne sanadi.

Kada kashi 99 cikin ɗari ya ruɗe ka. Idan kaya na wucewa sau 500 a rana, biyar ke nan ke sulalewa kullum. Idan ƙofofi biyar ne a jere, kusan biyar cikin kowane ɗari za su isa ƙarshe da giɓi a tarihinsu. Saboda haka a sa fitila kore da ƙararrawa a ƙofa, mai tura kura ya ga an karanta kafin ya wuce. Wanda aka kafa da rani a sake gwada shi a tsakiyar damina.

Wuta, zafi da ƙura

Rida ɗaya tana cin wat 15 zuwa 25. Huɗu, da na'urar rarraba sadarwa da ƙaramar kwamfuta, ka yi lissafin wat 150. Awa takwas ke nan kilowat-awa 1.2, daidai da rabin abin da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 ke ɗauka, kuma rabin ne ya kamata a ja daga batir mai ruwa. A ɗora tsarin duka a kan inbata, kada ya ji canjin wuta zuwa janareta, domin rida tana ɗaukar lokaci kafin ta farfaɗo, duk abin da ya wuce a wannan tsakani ya tafi ba shaida. Agogon duk ridojin su riƙa karɓar lokaci daga kwamfuta ɗaya; in ba haka ba za ka ga firam ya fita fenti kafin ya shiga. Rumbun bayanan ya zauna a cikin masana'anta, intanet ta zama ta ajiyar kwafi kawai.

Yawancin ridoji an yi su ne su jure zafi har digiri 50 zuwa 55, kuma ba su toshe ƙura gaba ɗaya ba. Dab da kwano a watan Afrilu zafin yana iya kusantar haka. A sauko da ita mita ɗaya ko fiye daga rufi, cikin akwati mai lambar IP65 a wurin da iska ke bi, eriya a waje. Ƙurar hunturu ba ta tare igiyar rediyo, amma tana shiga kawunan waya, ruwan farko ya mayar da ita laka; a naɗe su da tef mai narkewa ya haɗe. Tsawar farkon damina tana bin wayar sadarwa da ta ratsa tsakanin gini da gini, don haka a sa mata na'urar tare tsawa da wayar ƙasa mai kyau, ko a yi amfani da wayar gilashi, wato faiba. Masu matatar man gyaɗa ko waken suya da ke amfani da sinadarin hekzen su kula: a sashen da tururinsa yake, ba a kai kowace na'urar lantarki sai mai shaidar cewa ba ta tayar da gobara.

Manhaja da mutane

Rida tana iya faɗin lamba ɗaya sau da yawa cikin daƙiƙa. Manhaja ta tace, ta mayar da su magana guda: abu kaza, a wuri kaza, lokaci kaza, a matakin aiki kaza. Ta kuma san jerin matakai, ta yi ƙara idan firam ya bayyana a wurin haɗawa bai bi ta fenti ba, ko ya kwana uku a wuri ɗaya. Ridoji da yawa suna magana da ƙa'idar LLRP, wadda a buɗe take, don haka mai rubuta manhaja da ya taso daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli zai iya haɗa ta da rumbun bayananka. Ka sa a yarjejeniya cewa bayanan da kalmomin sirri naka ne.

Ranar da za a fara, a tara ma'aikata a faɗa musu abin da na'urar ke gani da abin da ba ta gani. Ba ta bin mutum gida, ba ta nuna inda kaya suke a gari, kuma ba ta hana sata, domin wanda ya ɓalle alama ya wuce. Abin da take yi shi ne nuna wuri da lokacin da aka ga abu na ƙarshe, wanda ke wanke mai gaskiya idan kaya suka ɓata. A naɗa mutum ɗaya da mataimaki da alhakin canza alamar da ta mutu: a cire tsohuwar, a soke lambarta, a haɗa sabuwa da tarihin abin, duk a rana ɗaya. A ajiye alamomin ajiya kamar kashi biyar cikin ɗari na waɗanda ke aiki. Kowane mako a zagaya sito da ridar hannu a gwada da abin da manhaja ta ce, a kuma buɗe akwati biyar ko shida a ƙirga da hannu, tunda alama akwatin ta sani, ba ta san an ɗebi boris uku daga ciki ba.

Idan ƙofa ta daina karatu, a bi wannan jeri kafin a kira kowa. A rataye alamar gwaji guda ɗaya da aka san lafiyarta a gaban kowace eriya bi da bi. Idan duk sun yi shiru, a duba wuta da wayar sadarwa. Idan ɗaya ce ta yi shiru, a musanya wayarta da ta maƙwabciyarta: laifin ya bi wayar, waya ce ko kanta, ya tsaya a wurin, eriya ce ko bakin rida. Idan duk suna ganin alamar gwaji amma kaya na wucewa ba a gani, a goge alamomin kayan, sannan a duba ko an jingina sabon ƙarfe, ganga ko tarin kwano kusa da ƙofar a cikin makon.